Jika sittin a shekara, yaro kuma sai wasan ƙasa

Assalamu alaikum Malama. Daga Tawa nake rubuto miki. Ina da yaro ɗan shekara huɗu da rabi, bana shekararsa ta biyu ke nan a wani jardan mai zaman kansa kusa da unguwarmu. Babansa yana Abijan wajen nema, shi ke aiko kuɗin, jika sittin a shekara ban da na tufafi da abin taɓawa. Damuwata ita ce har yau yaron nan bai iya A B C D ba. Kullum ya dawo riga ta yi duƙun-duƙun, aljihu cike da marafan kwalba, in na tambaye shi me aka koya musu sai ya ce sun gina rumbu, ko sun yi kasuwa. Tantinsu ma rabin maganarta da Hausa take yi. Ɗan facalata sa'ansa ne, wani jardan yake zuwa, yana ƙirga har ɗari da Faransanci, yana da kaye da aikin gida. Duk sanda maigida ya kira a WhatsApp sai ya ce a ba yaro salula ya yi masa karatu, yaro ya yi tsit, shi kuma ransa ya ɓaci. Inna, uwar mijina, ta ce zubar da kuɗi kawai ake yi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na yi wa tanti magana, ta ce tsarinsu shi ne a bi yaro, ta wasa yake koyo, in yi haƙuri. Ni dai na sayo kaye na fara zaunar da shi bayan magariba, har na ɗan taɓa shi sau biyu, yanzu da ya ga bik sai kuka. Maigida ya ce in an dawo hutu a mai da shi inda ɗan wansa yake. Yaron kuwa yana son jardan ɗinsa, tun da asuba shi ke tada ni. In bi maganar maigida ko in tsaya?

Wata uwa, Tawa

Wa alaikumus salam, ɗiyata.

Kayen nan da kika sayo, ki jefa shi cikin akwati ki rufe, yau ɗin nan. Sau biyu na karanta wasiƙarki, ɓarna ɗaya tak na gani wadda ta riga ta auku: yaron da ke tada uwarsa da asuba don ɗokin lakwal ya koma yana kuka in ya ga bik. Ba don in ƙara miki nauyi na faɗa ba, na san matsi ne ya kai ki, ta ko'ina ana ja miki kunne. Amma tsoron alƙalami in ya shiga yaro yana da wuyar fita, na ga waɗanda suka kai shi har CM2, ajin ƙarshe na firamare. Ki bar shi wata guda cur bai ga kaye ba. In ya ɗauki gawayi ya nufi bango, ki daure, ki nuna masa bayan ɗaki ya yi ta zane can.

Na daɗe ina riƙe da ajin CI, ajin farko na firamare, kafin in ajiye alli. Duk Oktoba sai an kawo mini irin ɗan facalarki, uku ko huɗu, uwaye na biye suna taƙama. Yaro ya miƙe, ya harɗe hannu a ƙirji, ya zubo A har Z ba ko numfashi. Sai in rubuta M ita kaɗai a allo in ce mene ne wannan, ya tsaya yana kallona. Ko in ce je ka tsakar lakwal ka ɗebo mini tsakuwa bakwai, wanda ya ƙirga ɗari ɗazu ya dawo da hannu biyu cike. Waƙa ya haddace. Haddar waƙa ba laifi ba ce, yara na son ta, tana buɗe musu baki. Sai dai lissafi wani abu ne daban: yaro ya gane kowace tsakuwa lamba ɗaya ce rabonta, lambar da ya tsaya a kanta ita ce yawan duka, kuma ko an tara su ko an baza su bakwai ɗin nan tana nan bakwai.

Ki gwada da marafan da ke aljihunsa. Ki jera biyar, ki jera wasu biyar a ƙasansu daidai wa daida, har ya yarda ɗaya suke. Sai ki buɗa jeri na biyu ya yi tsawo, a kan idonsa, ki ce wanne ya fi yawa. Ɗan shekara huɗu galibi mai tsawon zai nuna miki. Wani masani ɗan ƙasar Suwis, Jan Piyaje, da irin wannan gwaji ya yi suna, ya nuna cewa sai wajen shekara shida ko bakwai yawancin yara ke daina ruɗuwa. Hanyar da ke kai su can kuwa ita ce taɓawa da jerawa da rabawa da zubawa, yau da gobe. To, "sun yi kasuwa" da ɗanki ke faɗa miki, mene ne in ba wannan ba? Wani ya kasa haja, wani ya zo saye, marafai su ne kuɗi. Nawa? Albarka. Ƙara dai. Ba ni canjina. A cikin wannan ɗan ciniki akwai ƙirga, akwai ragewa, akwai jiran layi, akwai iya buɗe baki a nemi haƙƙi ba da duka ba.

Rumbun ma haka. Ke ƴar Adar ce, kin san rumbun ƙasa ba ya tsayuwa sai an san kwaɓi. Ruwa ya yi yawa ya zube, ya yi kaɗan ya tsage. Yaro ya kwaɓa, ya mulmula, ya ɗora, ya rushe, ya sake. Yatsun da suka yi wannan su ne za su riƙe alƙalami gaba ba tare da gajiya ba. Hannun yaro da matakinsa yake tafiya: wajen shekara uku yake iya kwaikwayon da'ira, wajen huɗu layi biyu a gicciye, sai kusan biyar yake iya zana mai kusurwa uku, don layin da ya karkata shi ne ya fi ba shi wuya. Yanzu ki dubi harafin A da kyau. Layi biyu karkatattu ne suka haɗa kai. Shi kika sa ɗan huɗu da rabi ya cika shafi da shi bayan magariba, ga gajiya ga barci. Ba taurin kai ya yi miki ba.

Abin da tanti ta ce miki, a bi yaro, ba ita ta ƙago shi ba. Sunan jardan ɗin kansa daga nan ya samo asali. Wani Bajamushe mai suna Firobel, a 1840, shi ya raɗa wa makarantarsa ta ƙanana sunan da ke nufin garkar yara, Faransawa suka juya shi zuwa harshensu, mu kuma muka gada. Kayan aikinsa ƴan gutattakin katako ne, da ƙwallo, da waƙa, da ɗan fegin da kowane yaro zai shuka abu. Ni kullum in na tuna sunan, masu albasar Galmi nake tunawa. Sai sun reni iri a wuri guda ya yi ƙwari sannan su yi dashe, kuma ba wanda ke tona wurin reno yana neman kan albasa.

Wadda aka fi jin sunanta yau ita ce Mariya Montesori, likita ƴar Italiya. A 1907 ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa ta birnin Rum, ƴaƴan ƴan ƙwadago ne da uwayensu ke fita nema su bar su suna gararamba. Ki riƙe wannan, don yanzu an mai da sunanta abin masu kuɗi. Ta sa aka yi kujeru da tebura daidai tsayin yara, ta sauko da kaya inda hannunsu zai kai, kowa ya zaɓi aikin da zai yi, in ya gama ya mayar inda ya ɗauko. Zuba ruwa daga buta zuwa kofi ba a zubar ba, sa maɓalli, shara, wanke hannu. Haruffa kuwa ta yanka su da takarda mai kaushi, yaro na bin su da yatsa yana faɗin sautinsu, har yara ƴan huɗu da biyar suka fara rubutu da kansu. Ashe ke nan tsarin bai ƙi harafi ba, ta yatsa yake shigo da shi kafin ya kai ga kaye. Mu ma ba baƙon abu ba ne wajenmu. Maƙwabtanmu Abzinawa a kan rairayi yaransu suka saba koyon rubutunsu na tifinar, a zana da yatsa, a shafe, a sake.

Duk da haka ba zan ce miki ki tsaya kai da fata ba, don ban ga ajin ɗanki ba, ke ma ba ki gan shi ba. "Ta wasa yake koyo" magana ce mai daɗi, kuma malalaciyar tanti ta fi kowa iya faɗinta. Na taɓa shiga wani jardan da aka cika allon ƙofarsa da manyan sunaye, na tarar da yara kusan sittin a rana suna kokawa kan lilo ɗaya, tanti na gindin bedi tana latsa salula. Wannan ba bin yaro ba ne, sakin yaro ne, kuma da irinsa gara ma mai haddar. Sunan Montesori kowa na iya rubuta shi a ƙofa, fenti kawai zai saya.

Saboda haka ki shirya ki je. Ki gai da shugabar wurin cikin mutunci, ki roƙi a bar ki ki zauna bayan aji safiya guda, daga shiga har tashi. Inda ake aikin gaskiya ba a jin tsoron idon uwa. Kada ki zuba wa ɗanki ido, tanti za ki kalla. Lokacin da suke kasuwar nan, ina take? In kin gan ta durƙushe a tsakiyarsu tana cewa "na ba ka biyar, ka ce uku ne kuɗin, nawa za ka maido mini?", ta matsa ga wata ta ce "me ya sa naki rumbun ya faɗi, na wance ya tsaya?", to wannan wasan shirya shi aka yi, tun jiya ta san abin da take nema a cikinsa. Ki saurari hayaniyar. Ajin ƙanana ba ya shiru, ajin da kika ji tsit ma shi ne abin tsoro, amma kunnenki zai raba miki hayaniyar masu aiki da ta waɗanda aka manta da su. Ki ga ko akwai lokacin da ake tara su a tabarma a ba su labari, a tambaye su, su ma su ba da nasu. Ki ƙirga kawunansu. Ki leƙa makewayi da randar ruwa. Ki duba ko akwai bulala a kan tebur ko bayan ƙofa.

In an tashi, ki yi wa tanti tambaya biyu: me ɗana ya fi so, kuma me ke ba shi wuya? Nan za ki san komai. Wadda ke bin yaro da gaske za ta ce miki, misali, yana son gini amma ba ya son a taɓa masa, almakashi na gagararsa, bana ya fara shiga cikin yara bara kuwa gefe yake tsayawa. Wadda ba ta san shi ba za ta ce "ai yana ƙoƙari, ba shi da matsala." Ki ce ta nuna miki zanensa na farkon shekara da na makon nan, ki ajiye su kusa da juna. Ki kuma tambaye ta abin da suka tanada wa babban aji na baɗi. Nan kam ya kamata ki ji zancen jin sautin farkon kalma, da gane sunansa a rubuce, da jan layi a ɗan allo, da ƙirga abu na hannu har goma. Karatu ba ya faɗowa daga sama, koyar da shi ake yi dalla-dalla, aikin CI ke nan, kuma dole jardan ya kai yaro bakin ƙofar. In ta yi ta kame-kame a nan, kina da hujjar ɗauke shi.

Hausar da take yi musu kuwa, ni ita ce ta fi kwantar mini da hankali a duk bayaninki. A 2014 an yi wa ɗaliban ƙasashe goma na Afirka masu aiki da Faransanci gwajin da ake kira PASEC. A Nijar, cikin yaran da suka kai ƙarshen firamare, fiye da tara cikin goma ba su kai mizanin da ake so ba a karatu. Yaran nan duk sun rera A B C D, shekara shida suna maimaita abin da mushe, wato malami, ya faɗa da harshen da ba sa ji. Ƙasar da ƙananan ɗalibanta suka yi zarra a gwajin kuwa Burundi ce, inda ake fara wa yaro karatu da Kirundi, harshen gidansu. Mu ma mun san wannan tuntuni: tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji, ga shi a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. Faransanci zai buƙace shi, ba na musu, kuma ya kamata ki ji shi a ajin ta waƙa da gaisuwa da sunayen abubuwa. Amma yaron da ya iya tsara labari da Hausa, ya ce da farko kaza, sai kaza, saboda kaza, ya riga ya sami turken da zai ɗaure kowane harshe.

Yanzu maigida. Ina ganin rigimarku ba ta jardan ba ce sosai. Ki sa kanki a matsayinsa. Mutum yana Abijan, ya wuni a tsaye, ya tsuke bakin aljihu ya aiko jika sittin. Rumbun da ɗansa ya gina ba ya ganin sa. Tada ki da asuba ba ya ganin sa. Abin da salula ke iya kai masa shi ne sauti, kuma sautin da ya sani na lakwal shi ne A B C D. Wataƙila ma wansa ya kunna masa muryar nasa ɗan a gaban ƴan gari, shi ya rasa abin kunnawa. Kada ki ce masa bai san tsarin zamani ba, za ki rasa shi a jimlar farko. Ki ba shi abin gani. Ki ɗauki yaron a bidiyo bai sani ba, yana kasa haja yana ba da canji, ko yana yi wa ƙannen unguwa bayanin yadda ake kwaɓa ƙasa, ko yana rera waƙar Faransancin da suka koya, don na tabbata akwai. Ki roƙi tanti ta yi masa saƙon murya da bakinta, minti biyu, ta faɗa masa inda ɗansa ya kai da inda za su. Namiji na jin daɗin a yi masa bayani kai tsaye a kan abin da ya biya. Sannan ki lallashe shi ya daina mai da kiran waya jarrabawa. Yaro na jin muryar ubansa sau ɗaya a mako, in kowane kira "yi mini karatu" ne, zai fara gudun salular kamar yadda yake gudun bik. Ya ce masa "me ka gina yau?" ya ji yadda baki zai buɗe.

Abin da za ki roƙa a wajensa kaɗan ne: a bar yaron ya ƙare shekarar nan inda yake, ke kuma kin yi alkawarin zuwa ki gani da idonki ki faɗa masa gaskiya, ko da gaskiyar ta ba shi hujja. In duk kin yi wannan ya ce shi dai a mai da shi, ɗiyata, ɗansa ne, kuɗinsa ne, kada ki girgiza aurenki a kan jardan. Ki je can ɗin ma ki zauna safiya guda. Sharaɗinki ɗaya, ba duka. Sauran ki cike a gida: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara uku zuwa huɗu na buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a yini, kada a kafe shi wuri ɗaya fiye da awa guda a jere, kallon salula ko talabijin ma kada ya wuce awa guda. In sun zaunar da shi a benci da safe, marece nasa ne, da ƙasarsa da marafansa.

Inna kuwa ba a yi mata gardama, kin fi ni sani. Karin maganarta gaskiya ce, tambayar ita ce me ake tanƙwarawa a wannan shekarun. Gaisuwa, cin abinci da dama, haƙuri da ɗan'uwa, faɗin gaskiya, mayar da abu inda aka ɗauko, waɗannan su ne ɗanyen iccen. Salla da kanta, hadisi cewa ya yi a umarci yara da ita in sun kai bakwai. Kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa tsawaita sujada a gaban sahabbai don jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa ba. Wannan ba daga bakinki za ta ji shi ba, ki bar ɗanta ya faɗa mata in ya sauko. Ke abin da za ki yi shi ne ki ba ta lokacin da kaye ya bari. Bayan magariba ki tura mata jikanta da tabarma, ki ce tanti ta ce a riƙa yi masa tatsuniya da kacici-kacici, ke kuma ba ki iya su kamar ita ba. Ba ƙarya kika yi ba, duk tantin kirki za ta so haka. Ranar da ya iya maido mata da ta Gizo da Ƙoƙi daga gatanan gatananku har ƙurunƙus, ki ɗauka a salula ki aika Abijan.

Rigar kuma, ki shiga kasuwa ki samo masa bosho kala biyu masu duhu na zuwa jardan, ki ajiye masu kyaun don Juma'a.